Haƙorin Yarinya Da Awakin Uwarta: Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi?

Makon nan na yi niyyar mu yi zancen ajiyar hatsi ne, tun da kaka ta matso, sai ga wata wasiƙa daga ƙasar Sule Tankarkar wadda ta hana ni sakat. Na ga ya fi kyau in amsa ta a fili, gama na tabbata abin da ya dami mai wasiƙar nan yana damun mata da yawa, tun daga Gagarawa har bakin iyaka a Maigatari. Ta roƙa kada a faɗi sunanta, to, ba za a faɗa ba.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Tana da 'ya mai shekara 14, tana makarantar sakandare. Wani haƙorin taunarta na ƙasa ya yi rami tun bara. Da fari in ta sha ruwan randa sai ya tsarga mata, can ya lafa. Ana nan ana nan har ya zama ba ta barci, sai ta kwana a zaune riƙe da kunci. Da aka yi hutu kawunta ya tafi da ita Kano, ya kai ta wani asibitin haƙori na kuɗi. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ruɓar ta kai jijiya, kuma hanya biyu ce. Ko dai a cire shi a biya naira 15,000, ko kuwa a cece shi, watau a wanke jijiyar a cike a sa masa hula, a kan naira 120,000. Da likitan ya ga jikin kawun ya yi sanyi sai ya ce ba lalle a biya gaba ɗaya ba, a ba da 40,000 yanzu, sa'an nan a riƙa kawo 15,000 kowane wata har wata 6. Maigida da ya ji labari ya ce shi bai ga dalili ba, a kai ta asibitin Gwamnati a fizge a huta, ai haƙora ba su ƙare a bakin ba. Ita kuwa uwar abin da ta mallaka awaki biyu ne da zubin adashi. Ta rufe wasiƙarta da cewa, "Yaya, ki ba ni shawara don Allah. In sayar da awakin in shiga biyan wata-wata, ko in bi maganar Malam?"

To, ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Ba zan ce miki Malam ya yi kuskure ba, ba kuwa zan ce likita ya so cutarku ba. Amma kafin mu auna asibiti da asibiti, bari mu dubi haƙorin kansa, domin shi ne zai gaya mana ƙofar da za mu shiga.

Yaro yana da haƙoran nono 20. Sukan soma fitowa yana wata 6, su cika kafin ya shekara 3. Babba kuwa 32 gare shi in sun cika. Ga inda mu uwaye muke yin tuntuɓe: yaro yana wajen shekara 6 wani babban matauni yakan ɓullo can baya, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Sai uwa ta zaci shi ma na nono ne, in ta ga ya yi baƙi ta ce a bar shi, ai famfara za ta tafi da shi. Alhali kuwa wannan na dindindin ne, ba ya da magaji. Shi ne ya fi kowane haƙori shan wahala a bakin yaranmu, kuma ina kyautata zaton shi ne yake damun 'yarki.

Haƙori kamar ƙwai yake, hawa-hawa. Akwai farin ɓawo a waje, wanda ba abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, can tsakiya kuma jijiya ce da jini. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki, waɗanda ido ba ya gani, suna cin sauran sukari da ya maƙale, su mai da shi wani ruwa mai tsami, shi ne yake cinye ɓawon a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin haƙori kuwa ba gyambo ba ne, balle a ce zai kame ya warke da kansa. Sa'ad da yake ƙarami, zuwa ɗaya ya isa, a share a cike, a tashi. In ya kai jijiya, sai dai ko cirewa ko dogon aiki. In an ƙara sakaci ya tara mugunya, to, zance ya zama na kwanciya a gadon asibiti. Kun ga ke nan ramin nan ɗaya farashi uku gare shi, kuma ba likita ne yake zaɓa mana ba, ranar da muka je ita take zaɓa.

Akwai wata ƙofa ta uku wadda mai wasiƙa ba ta ambata ba, amma na san yawancinmu ta nan muke farawa, watau kemis da mai magani na kasuwa. Ranar kasuwa za ki ji shi da lasifika yana cewa tsutsa ce, zai fitar miki da ita yanzu-yanzu. Babu tsutsa a haƙori, 'yan'uwa, abin da yake nuna miki a ƙwarya ba daga bakinki ya fito ba. Kanumfari yana sanyaya zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, kakanninmu ba su yi ƙarya ba. Farasitamol ma haka. Amma ba ɗayansu da ke toshe rami. Masu ɗora asfirin a kan dasashi ƙona naman suke yi, masu ɗiga ruwan batir kuwa sai dai mu ce Allah ya kyauta. Kafso da ake saya biyu-biyu a sha a bari yakan kwantar da kumburi, mako kaɗan ya dawo. Mai juna biyu da yaro da bai kai shekara 8 ba kada su kusanci tetarasaikilin, gama yana ɓata launin haƙoran yaro har abada. Wanda kuma ya ba da bakinsa ga mai cire haƙori da filaya a gindin bishiya, da ƙarfen da aka sa a bakin wani ba a dafa ba, yana iya tafiya da ciwon haƙori ya dawo da ciwon hanta. Wani abu kuma, in haƙori ya daɗe yana ciwo sa'an nan ya yi shiru farat ɗaya, kada ki yi murna. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuwa tana nan tana gangarawa cikin ƙashi.

Akwai lokacin da ba a tsayawa awo ko kaɗan. In kunci ya kumbura har ya kama ƙarƙashin haɓa ko ya nufi ido, in baki ya ƙi buɗuwa, in haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe mai ciwon, a nemi mota a nufi Babban Asibitin Gumel ko da tsakar dare ne. Irin wannan kumburi yana toshe maƙogwaro, yana kisa. Haka nan ƙaramin yaro mai shekara 2 zuwa 6, musamman ramamme ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya soma tauri, a gaggauta. Wannan yana iya zama cutar noma, mai zaizaye baki da fuska cikin 'yan kwanaki. Tun 1999 akwai asibiti musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. In an kama ta da wuri magani kaɗan yake tsai da ita. Irin waɗannan duka aikin asibitin Gwamnati ne, domin can ne ake da gado da ƙarin ruwa da ɗakin tiyata.

To, yanzu mu zo ga awo.

Amfanin asibitin Gwamnati na fari shi ne sauƙin kuɗi, gama albashin likita da ginin da kujerar duk ba daga aljihunki za a fitar ba. Za ki yanki kati, ki biya kuɗin aiki da na magani. Na biyu, tsani ne mai hawa-hawa. Daga ƙaramin asibitin garinku a tura ki Gumel, in aikin ya fi ƙarfinsu su ba ki takarda zuwa gaba, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero take horar da likitocin haƙori. A irin wannan wuri manyan gwanaye suke, ɗalibai kuma suna aiki a ƙarƙashin idonsu. Wahalarsa kuwa kowa ya sani. Sai kin yi sammako, ki bi layi, wata rana ki kai ga ƙofa a ce a dawo jibi. Wani lokaci ba wuta, wani lokaci kayan ciko sun ƙare. Akwai kuma yajin aiki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa na ƙasa duka sun ajiye aiki tun daga farkon Agusta har farkon Oktoba, wanda aka soma masa aiki kafin nan sai haƙuri. Mutane suna cewa wai asibitin Gwamnati ba abin da suka iya sai cirewa. Ni dai ina ganin rabin laifin namu ne. In kin kai wa maɗinki zanen da gara ta cinye, me zai yi miki da shi?

Asibitin kuɗi kuwa abin da kike saya a wurinsa lokaci ne da natsuwa. An ce ki zo ƙarfe 10, ƙarfe 10 za a gan ki. Suna da injin wutarsu, kayan aiki ba su cika yankewa ba, likitan da ya fara miki shi zai gama. Ga 'yar makaranta mai hutun mako 3 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa yawancinsu a manyan birane suke, Kano musamman, kuma daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne. Sa'an nan mai asibiti ɗan kasuwa ne, yana biyan haya da ma'aikata, ba laifi ba ne ya nemi riba, sai dai ke ma ki shiga da idon mai ciniki. Kada ƙyalli ya ruɗe ki. Kujera mai sheƙi da fanka mai sanyi ba su ne shaida ba. Kowane likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, yana kuma sabunta lasisinsa kowace shekara, ba rashin kunya ba ne maigida ko kawu ya ce a nuna masa. (Abin dariya, sau da yawa likitan da kika guje wa layinsa da safe shi za ki tarar da yamma a asibitin kuɗi. Hannun ɗaya ne, kujerar ce ta sāke.)

Yanzu ga babbar magana, biyan wata-wata. Ina so kowace mai karatu ta ɗauko fensir. An ce da mai wasiƙa aikin 120,000 ne. Amma 40,000 a haɗa da 15,000 sau 6, watau 90,000, ya zama 130,000. Ashe akwai 10,000 da ta ɓuya a cikin sauƙin da aka yi mata. Ban ce zalunci ba ne, mai jira yana da nasa lissafi, amma ya kamata a san da ita tun farko. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wankin jijiya da sa hula ba aikin yini ɗaya ba ne, a ƙalla a yi zuwa 3. Yarinya mai shekara 14 ba za ta tafi Kano ita kaɗai ba. Mutum 2, zuwa da dawowa, sau 3, kujerar mota 12 ke nan, ban da ta Sule Tankarkar zuwa Gumel, ban da abinci, ban da A Daidaita Sahu a cikin birni. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kun san yadda kuɗin mota ya zama. Ki tambayi kuɗin kujera a tasha, ki ninka sau 12, ki ɗora a kan 130,000. Wannan shi ne farashin haƙorin na gaskiya. Kuma ki lura, kuɗin motar nan yana nan ko da asibitin Gwamnati na Kano kika zaɓa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Biyan wata-wata an yanka shi ne daidai jikin mai albashi, wanda ya san ran 25 ko 30 ga wata wani abu zai shigo. Mu fa? Kuɗin gidan manomi a ƙasar Gumel ba wata-wata yake zuwa ba. Yana zuwa da kaka, in an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo, an kai kasuwa. Yana zuwa gab da Babbar Salla, in ragon da aka turke ya yi kuɗi ranar Alhamis a Maigatari. Tsakanin nan sai 'yar ribar ƙuli-ƙuli da ƙosai da ɗinkin hula, wadda gishiri da sabulu suke cinyewa. In kin soma biya da kaka, wata na 5 da na 6 za su faɗo miki a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya soma sauka, ana neman kuɗin taki. A nan ne mace take jin kunyar komawa asibiti domin ana bin ta bashi. Ta ce bari sai ta samu. To, haƙorin da aka buɗe aka sa masa cikon wucin gadi ba ya jira. Cikon ya faɗi, ƙwayoyin cuta su koma, ko haƙorin ya dare biyu a kan ƙashin nama. Ƙarshenta a cire shi, ga awaki sun tafi, ga bashi yana nan. Aikin da aka bari a rabi ya fi cirewa muni nesa ba kusa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka wadda duk za ta shiga irin wannan ciniki, ta sa a rubuta. Mu Musulmi ba baƙon abu ba ne a gare mu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A rubuta jimlar kuɗi gaba ɗaya. A rubuta abin da ke ciki, ko har da hoto da magani da hular, ko kuwa kowanne da nasa. A rubuta abin da zai faru in wata ya wuce ba a kawo ba, da wanda zai ɗauki nauyi in ciko ya faɗi bayan mako 2. Kowane biya a karɓi rasiɗi a adana a ƙasan akwati. Malamai da yawa sun halatta a sa farashin jinkiri ya ɗara na hannu da hannu, muddin an tsai da magana ɗaya tun ranar ciniki. Amma ƙarin da ake ɗorawa don an makara, wannan kuɗin ruwa ne, a kai wa malamin unguwa takardar ya duba kafin a sa hannu. Kuma ba dole ne ki karɓi tsarin yadda aka miƙo shi ba. Ki ce ke ba mai albashi ba ce, za ki biya kowane zuwa kuɗin aikin da aka yi a ranar, ko kashi biyu, ɗaya yanzu ɗaya bayan an sayar da riɗi. Ki tambaya ko za a iya gama wankin jijiya a yi ciko mai ƙarfi, hular ta ɗan dakata, kuma har yaushe za ta iya dakatawa. Likitan kirki zai gaya miki gaskiya.

Bashin nan na wayar hannu kuwa, wanda ake latsawa kuɗi su shigo nan take, ku yi nesa da shi. Ruwansa yana da yawa, kwanakinsa kaɗan, kuma in an makara waɗansunsu sukan aika wa duk mutanen da ke cikin wayarki saƙon tozarci, har da surukai. Abin ya yi ƙamari har hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai wa waɗansu samame a Ikko a 2022.

Akwai fa wani biyan wata-wata wanda nake goyon baya da zuciya ɗaya, shi ne wanda ake yi tun ciwo bai zo ba. A Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa a madadin tsohon shiri, ta kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. A nan Jigawa muna da tamu hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira JICHMA, ana cire wa ma'aikata wani abu daga albashi, akwai kuma rajistar marasa galihu da ake biya musu daga asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada. Matan ma'aikata da yawa suna da haƙƙi a nan ba su sani ba, ana yankar albashin maigida kowane wata su kuwa suna saye a kemis. Ki tambaye shi yau, ina katinmu? A shirin Tarayya na ma'aikata katin yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba, sauran sai an ƙara kuɗi an shigar da su. Gidan da ke da mata biyu ko uku lalle a zauna a yi wannan magana a fili, kada ranar ciwo a tarar sunan ɗakin wata ne kaɗai a takarda. A wannan shiri mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ana yin cirewa da ciko na yau da kullum, amma hula da dashen haƙori da faranta shi don ado ba sa ciki. Watau inshora ma tana ce mana mu zo tun rami yana ƙarami. Kuma sabon kati sai an ɗan jira kafin ya soma aiki, ba a yankarsa ranar da kunci ya kumbura.

Wadda mijinta ba ma'aikaci ba ne kuwa, ai mu muka san adashi tun kafin a haifi masu inshora. A misali, mata 10 a unguwa su ware naira 500 kowane mako, ba don kwasa ba, don ajiya a hannun uwar adashi amintacciya da littafi. A shekara ya zama 260,000. Wadda ciwo ya kama ɗanta ta ara ta mayar ba ƙari. Muna yin haka don kayan ɗaki da ankon biki, har waɗansunmu su tara na haƙorin Makka, to, haƙorin da Allah ya ba mu kyauta bai cancanci asusu ɗaya ba?

Ku kuma 'yan makaranta, maganarku gajeruwa ce. A goge baki sau 2, da safe da kuma lokacin kwanciya, na daren ya fi muhimmanci. Makilin mai sinadarin fuloraid shi ke ƙarfafa ɓawon haƙori, in kin goge ki tofar kawai, kada ki kurkure ki wanke shi. Asuwaki sunna ne kuma yana aiki ƙwarai, ko na darbejiya, a haɗa su biyu ba sa faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali wani lemon kwalba guda yana ɗauke da kusan 9. Abin da ya fi ɓarna ma shi ne tsotson alewa da minti ɗaya bayan ɗaya tun safe har la'asar, domin kowane tsotso sabon tsami ne a kan haƙori. In kuwa wata ta faɗi wajen wasa haƙorin gaba na dindindin ya fita ɗungum, kada a jefa shi kan rufi. A ɗauke shi ta kai, ban da saiwar, a tsoma cikin madara, a ruga asibiti kafin awa ɗaya, sau da yawa ana mai da shi ya kama.

To, ƙanwata ta Sule Tankarkar, ga amsarki. Kada ki sayar da awaki makon nan, kada kuma a fizge haƙorin makon nan, sai fa in kumburi ya taso. Ki sa kawunta ya karɓo hoton da aka ɗauka, ai kun biya kuɗinsa. Ku kai yarinyar Gumel da shi, ku nemi a duba, in an ce sai gaba ku karɓi takarda. A asibitin koyarwa ku yi tambaya uku: haƙorin nan zai cetu, nawa ne aikin duka, kuma zuwa nawa za a yi cikin wane lokaci? In bakin likitoci biyu ya zo ɗaya cewa zai cetu, ni ina ganin ya cancanci a cece shi. Da tana shekara 9 ne da cirewa ba ta da yawan illa, gama mataunin da ke fitowa a shekara 12 yakan matso ya rufe gurbin. A shekara 14 wannan dama ta wuce. Giɓin zai zauna, na kusa su karkato, na sama ya zazzago, ita kuwa tana da shekaru masu yawa na tauna a gabanta in Allah ya ba ta rai. Ki gaya wa Malam haka da lafazi mai daɗi, bayan ya ci tuwo, ki nuna masa lissafin a takarda. In na Gwamnati zai gama aikin cikin hutu, ku tsaya can. In layinsu zai cinye zangon karatu, ku koma na kuɗi, amma da kwasar adashinki da akuya ɗaya a hannu, a biya kashi biyu, a bar ɗayar ta haihu. In kuwa kun zauna kun lissafa har da kujerun motar nan 12 kun ga ba za ku kai ƙarshe ba, to, a cire shi a asibiti da allura da kayan aiki dafaffu, ba abin kunya a ciki. Ranar da za ku je kuma ki tafi da ƙannenta, a leƙa bakin kowa, musamman mai shekara 6 da mai 7.

Ki rubuto mana yadda kuka ƙare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zancen rumbu da maganin ƙwari.